Askar Gidan Malam Ya'u a Fuskar Tanimu

Duk wanda ya shigo shagon nan ya ce min yana so ya koyi aikin littafin zane, ba na tambayarsa takardar makaranta. Fensir nake miƙa masa da takarda, in ɗauko kwanon tuwo in rufe da faifai a ɗan karkace in ajiye a gabansa, in ce zana min. Yawancinku dariya kuke yi. Makon jiya ma wata ta zo, 'yar aji shida, ta nuna min fuskokin da ta kwaikwaya daga waya, idanu ƙwala-ƙwala kamar na mujiya, gashi kamar an watsa tsintsiya. Ta ce, "Anti, ai aikin nan naku ba wuya, zane ne kawai da 'yar magana a gefe." Na ce haka ne, ga kwano. Ta yi minti goma ta kawo min wani abu mai kama da hular kwano ta 'yan acaɓa. Na gaji da maimaita bayani ga kowa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta. Wanda zai karanta ya karanta, wanda ba zai iya ba ya nemi wata sana'ar.

Sunana Hajara. A hannun kawuna na koya, Malam Iro, ƙanin mahaifiyata, mai fenti a nan Gaya. Shi ke rubuta allunan shaguna da kirarin jikin motoci. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka Uwata yake kirana, ko da yana cikin yi min faɗa. Shi ya ƙirƙiro Tanimu. In ba ka san Tanimu ba, saurayi ne ɗan manomi mai ganin ya fi ƙarfin fartanya. A kowace fitowa sai ya tafka wauta, duniya ta yi masa bulala, ya ɗan yi hankali kaɗan, kaɗan ɗin nan dai. Shafi goma sha shida ne, fari da baƙi, duk wata biyu. Kawu ke tsara labari ya zana da fensir. Da na gama sakandare na zauna a gida ba abin yi, ya ga bayan littattafaina cike da zanen awaki da 'yan ajinmu, ya je ya roƙi Babanmu a ba shi aron hannuna.

Aikina na farko rula ce. Wata uku cur ba abin da nake yi sai jan layin ɗakuna, wato murabba'an da hoto ke zama a ciki. Shida a shafi, wani lokaci biyar. Na ce masa, "Kawu, ni fa zane na zo yi, ba aikin magini ba." Ya ce, "Uwata, wanda bai iya gina ɗaki ba, ina zai sauke baƙo?" Bayan nan sai ƙwai, haka muke kiran da'irar da ake rubuta magana a ciki. A nan ma akwai doka: ka fara rubuta maganar sannan ka zagaye ta. In ka fara da ƙwan, kalmar ƙarshe za ta matse kamar mutum na bakwai a kujerar baya ta motar Ajingi. Sai da na yi wata shida kafin ya bar ni na bi fensirinsa da tawada.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Alƙalamin tawada mai siririn baki da mai kaurin baki, kilina, reza, farin ruwan gyara, da tsumma. Tsumman nan ya fi komai. Da bazara zufa ke bin hannu, ɗigo ɗaya ya faɗa a shafin da ka kwana uku a kansa, shi ke nan. Daga sama ta hagu ake farawa a gangaro, don kada gefen hannu ya shafe abin da bai bushe ba. Sannan a jera shafuka: na ɗaya yana zama kusa da na sha shida a takarda guda, na biyu kusa da na sha biyar. Ranar da aka fara bar min jeri na kuskure, aka buga aka ninke aka maƙale, sai ga Tanimu ya warke daga karayar ƙafa tun kafin ya faɗo daga babur. Kawu ya buɗa ya gani. Ya ba ni reza, na yi yini biyu ina zare ƙarfen maƙali ɗaya bayan ɗaya har farcena ya yi jini.

Babban maƙiyinmu injin fotokwafi ne. Ba ya son siririn layi, cinye shi yake yi. Baƙi ya yi yawa kuma mai injin ya ɓata rai, ya ce muna shanye masa tawada. Ka zauna ka ƙawata fuska da 'yan layukan nan na gefen ido da na kumatu, injin ya tofo maka ita sumul kamar ƙwarya. Samari uku a ɗaki ɗaya, duk su fito kamar 'yan uku. Ku riƙe wannan, don daga nan masifar ta taso.

Sai ku san masu saye. Wani mutum ne, Ɗanjuma mai littattafai, yake ɗaure su a bayan babur ya bi kasuwanni, Balan, Kademi, Toranke, har cikin Ajingi. Direbobin manyan motoci ma suna saye su tafi da su Kudu. Littafi ɗaya mutum ashirin ke moransa. A majalisa mutum ɗaya ke karantawa da ƙarfi, sauran su leƙo ta kafaɗarsa. Da yawa daga cikinsu, musamman dattawa, ba sa karanta boko. Maganar cikin ƙwai ta mai karatu ce, yana iya ƙarawa, yana iya ragewa. Hoton kuwa na kowa ne, da idonsa ya gani. Na daɗe ban gane nauyin wannan ba.

Dokar Kawu ta farko ita ce ba a zana fuskar mai rai ɗungurungum. Ka ɗauki hancin wannan, kunnen wancan, haɓar wani. Ta biyu, labari na kasuwa ne, wanda ya tsinta nasa ne, amma sai an sauya masa riga kafin ya shiga littafi. Na haddace su duka biyun, kuma na karya su duka biyun ba tare da na ji ko ɗar ba.

Ga yadda ta farko ta karye. Na gaji da Ɗanjuma yana dawowa yana cewa mutane ba sa bambance Tanimu da abokansa. Na ce wa Kawu mu yi wa Tanimu aska a fuska, layi mai kauri wanda injin ba zai iya cinyewa ba. Ya ce dabara ce, in ƙirƙiro wata. Ni kuwa zama in yi ta tunani ba halina ba ne. Ranar kasuwa ce, na ɗaga kai ta taga, ga wani saurayi a bencin mai shayi, ya sauke buhunan gero yana hutawa. Yana da bille a kuncin hagu, ɗan gajeren layi a tsakiyar goshi, da 'yan baka biyu a gefe ɗaya kawai. Ban taɓa ganin irin haɗin ba, kuma ya yi kyau. Na ɗauke shi yadda yake na ɗora wa Tanimu. Hanci ba nasa ba ne, ido ba nasa ba ne, don haka a ganina ban taɓa doka ba. Ni 'yar cikin gari ce, a gidanmu an bar aska tun kan iyayenmu. Ado na ɗauke ta. Ban tsaya na tuna cewa aska suna ce ba, suna ne da aka rubuta da wuƙa.

Sunan saurayin Sabi'u, daga wani ƙauye bayan Toranke. Gidansu kaɗai ke da wannan askar a duk yankin. Na san haka ne don da kansa ya zo shagon bayan fitowa biyu, yana ta washe baki. Ya ce wa Kawu, "Baba, ku ne kuka mai da ni ɗan littafi? Yanzu ko'ina na bi sai a ce ga Tanimu." Kawu ya dube ni, na sunkuyar da kai a kan rula. Ya tambaye shi ko abin ya dame shi, a cire. Sabi'u ya ce, "A cire? Wallahi har rangwame ake min a wajen mai tsire." Aka yi dariya, aka bar maganar. Ya zama duk ranar kasuwa sai ya leƙo ya tambayi me Tanimu zai yi a gaba, in ce masa ya jira kamar kowa. Yakan ce, "Yaya Hajara, ki dai riƙa tausaya min, kullum ni ake kora a guje."

Doka ta biyu a gidan suna na karya ta, a Kademi, ana gab da faɗuwar damina. Mata na hira, wata ta ce a wani ƙauye can wajen Ajingi an wayi gari ba sa a turke, san huɗa, ja, mai karyayyen ƙahon dama. Kare bai yi haushi ba, igiya kuma kwance ta aka yi, ba yankewa ba, shi ya sa ake raɗe-raɗin na gida ne. Ba ta faɗi sunan gari ba, ba ta faɗi sunan gida ba, ni ma ban tambaya ba. Na kawo wa Kawu labarin da zafinsa. Dama yana neman babban laifin da zai sa Tanimu ya bar gida ya shiga duniya. Ya tsara fitowa ta bakwai a kai: Tanimu ya kwance san ubansa ya sayar don ya sayi babur, ya dawo ya taya uban nema. Kawu ya sauya abin da zai sauya. A fensirinsa san fari ne, ƙahonsa biyu lafiya lau. Da na zo bin tawada sai na ga farin sa ba ya fitowa a farar takarda, na cike jikinsa da layuka ya yi duhu. Kuma na ga karyayyen ƙaho ya fi kama da gaske. Na sa kilina na goge rabin ƙahon dama. Aikin daƙiƙa biyar. Kawu yana can yana rubuta jikin wata tifa, bai duba shafukan ba sai da aka buga.

Kwana tara da fitarsa Sabi'u ya zo, ba ranar kasuwa ba. Bai yi sallama da fara'a ba, bai zauna ba. Ya shimfiɗa littafin a kan teburina, a shafi na tara, inda Tanimu ke durƙushe a gindin turke yana kwance igiya.

Ya ce, "Yaya Hajara, me na yi miki?"

Na ce, "Kamar yaya?"

"Wannan sanmu ne. Wata biyu ke nan da ɓatansa. Ni na fi kowa yawon nemansa, har Wudil na je a ƙasa. Dama ana ta ƙus-ƙus, Baba yana toshe kunne. Shekaranjiya aka kai masa wannan har zaure."

Kawu ya ajiye burushi ya zo ya duba. Ya daɗe yana kallon ƙahon. Ya ce, "Uwata, ni haka na zana shi?" Na ce a'a. Ya wanke hannu da kananzir, ya sa hula, ya ce in ɗauko mayafina.

Mu uku da Sabi'u muka hau motar kasuwa zuwa Ajingi, daga nan acaɓa. Da hantsi muka isa. Mun sami uban, Malam Ya'u, a gona, shi da 'ya'yansa manya biyu suna huɗa da hannu, don sa ɗaya da ya rage ba ya jan garmar shanu. Maƙwabta sun gama tuni, dawarsu ta kai gwiwa, shi ko rabi bai yi ba. Dattijo ne siriri, askar nan tana fuskarsa sak, sai dai ta nutse cikin tsufa. Aka gaisa, aka koma gindin wata ɗorawa. Kawu ya yi bayani a natse, ya ce labari ne na ƙirƙira, kuskure ne aka yi, ya ba da haƙuri. Malam Ya'u ya saurara har ƙarshe, sannan ya zaro littafin daga aljihu, duk ya yi laushi don dubawa.

Ya ce, "Malam Iro, ni ban yi boko ba. Abin da ke cikin 'yan ƙwayayen nan ban san shi ba. Amma wannan askar ta wane gida ce?"

Kawu ya ce, "Ta gidanka ce."

"Wannan ƙahon fa?"

Na ce, "Baba, ni na zana. A gidan suna na ji mata suna faɗa, ban san naku ba ne."

Ya juyo ya dube ni, karo na farko. "To, 'yata. Ashe har matan Kademi sun sani, ni kaɗai ne ban sani ba."

"Ba haka nake nufi ba, Baba. Su ma ba su ce..."

Ya ɗaga hannu. "Mutanen da ba su taɓa taka ƙofar gidana ba sun san askata, sun san sana har ƙahonsa. Sai hannun da ya kwance igiyar ne kaɗai za su yi kuskure?"

Ku da kuke ganin aikin nan wasa ne, ku ba ni amsar wannan tambayar. Na yi shekaru ina nema.

Sabi'u ya durƙusa ya ce, "Baba, a kawo Alƙur'ani in dafa."

Uban ya ce, "Ba za ka dafa ba. In ƙarya ka yi na rasa ka nan, na rasa ka can. Sa bai kai haka ba." Ya miƙe ya ɗauki garmarsa. Bai zage shi ba, bai tsine masa ba, bai ce ya bar gida ba. Cewa kawai ya yi da babban ɗansa, "Ka faɗa wa uwarku, daga yau a raba mana kwano."

Sabi'u auta ne. Tun yana rarrafe da shi uban ke cin tuwo a zaure, kwano ɗaya, yayyensa suna nasu daban. Duk ƙauyen an san haka. Don haka ranar da aka fito da kwano biyu, ba sai an yi shela ba.

Mun yi ƙoƙarin gyara, kuma kowane gyara ƙara ɓata shi ya yi. Kawu ya hana a sake buga ta bakwai, alhali ba mu taɓa yin fitowar da ake nema kamarta ba, sai mutane suka riƙa kai tasu ana kwafa. A ta takwas ya rubuta ban haƙuri a bangon ciki, cewa Tanimu ba kowa ba ne. Masu karatu a majalisa tsallake shi suke yi, wa zai tsaya karanta bango? Ni kuma na sa farin ruwan gyara na shafe askar daga kowace fuskar Tanimu, shafi sha shida. Ɗanjuma ya dawo daga kasuwar Toranke ya ce min, "Kin san me ake cewa? Wai kun goge ne don an ja muku kunne, ai in ba gaskiya ba ce me zai sa ku ɓoye." Yara suna bin Sabi'u suna tambayarsa ina babur. Wanda ya saba ba shi ajiyar buhu zuwa kasuwa ya daina. Kafin a yanke gero ya haɗa kayansa a buhun taki ya hau motar Kudu. Bai bar lamba ba, wayarsa ma a kan gadonsa ya ajiye ta.

Shekarar nan ba ta bar mana komai ba. Injin da ake buga mana ya lalace aka rasa mai gyara, sai an je Kano. Takarda ta yi tsada. Kawu ya ajiye fensir wata biyar, ya koma allunansa, in na yi masa maganar Tanimu sai ya ce in miƙo masa jan fenti. Bai kore ni ba. Da ya kore ni da ya fi min sauƙi. Kullum in zo in share shago, in fere fensiran da ba mai amfani da su.

Bayan kaka aka kama wasu ɓarayin shanu a wani gari mai nisa. Cikin wuraren da ɗayansu ya lissafa har da ƙauyen su Sabi'u, har da ja mai karyayyen ƙaho. Ya ce tsoka ya jefa wa karen. San kuwa an daɗe da cinye shi.

Mako biyu da jin haka, ranar kasuwa, na ɗaga kai na ga Malam Ya'u a ƙofar shago. Kawu ya tashi ya ba shi kujerarsa, ya ƙi, ya zauna a kan gwangwanin fenti. Aka gaisa. Sannan ya ce, "An ce littafin nan naku yana zuwa Kudu."

Kawu ya ce, "Direbobi na tafiya da shi."

"Har ina?"

"Allah kaɗai Ya sani. Duk inda mota ta tsaya."

Ya gyaɗa kai. Ya juyo wajena. "'Yata, ke ce mai hannun?"

"Ni ce, Baba."

"Ki mai da masa askarsa. Wa ya ce ki goge? Ɗana ne." Ya numfasa. "Sannan ki zana ni. Ki zana ni sosai yadda ba zai yi shakka ba. A zaure, a kan tabarma, da kwano ɗaya a gabana, a rufe. Kada ki sa rubutu. Rubutu wani ke karanta wa mutum, ya faɗi abin da ya ga dama."

Kawu ya ce, "Malam Ya'u, mu a ƙa'idarmu ba ma zana fuskar mai rai."

Ya ce, "Da kuka zana ta ɗana ba ku nemi izni ba. Ni ga shi na ba ku."

A nan ya zauna na zana shi, kusan awa ɗaya, bai motsa ba. Ya ce kwanon na samira ne, bakinsa ya ɗan lotsa ta gefe ɗaya, faifan kuma mai jan zare a tsakiya. Na zana na nuna masa, ya ce lotsawar ta yi yawa. Na sake. Ya ce faifan ya zauna daidai, nasu kuwa kullum a karkace yake, don lotsawar nan. Sau shida ina sakewa kafin ya ce, "Shi ne." Washegari Kawu ya ɗauki fensir ya fara fitowa ta tara. Hoton ya hau bangon baya, cikakken shafi, ba ƙwai, ba kalma ko ɗaya, kuma bai sauka ba tun daga ranar.

Daga nan muka sami doka ta uku, kuma ita ce za ku fi rainawa. Duk fuskar da za a yi wa aska, ko ta mai wucewa ce a bayan hoto, sai na kai wa Mati Wanzami ya duba. Tsoho ne a bakin kasuwa, ya san askar gidaje daga nan har bakin iyakar Jigawa. Ya kalla ya ce wannan ta gidan wane ce, sauya, ko ya ce wannan ba ta kowa ba ce. Haka dabba: ba na sa mata tabo, ko yankan kunne, ko wata alama da na ji a bakin mutum. In labari ya zo min da ɗumi, sai ya yi wata shida a cikin kwali kafin in taɓa shi. Ni da ba na iya jiran ruwa ya tafasa.

Yanzu idon Kawu ya yi rauni, ni ke tsarawa, ni ke zanawa, shi yana zaune yana kushewa. Tanimu yana can bariki, ya yi dako, ya yi gadi, an cuce shi, shi ma ya cuci wani ya je ya ba da haƙuri. Ya fara hankali. Masu saye suna aiko Ɗanjuma da tambayar yaushe zai koma gida. Ina ce masa ya ce musu ba a hannuna take ba.

Shekara uku Malam Ya'u yana leƙowa duk ranar kasuwar da ya sami shigowa. Ba ya tambaya da baki. Ya tsaya a ƙofa, in girgiza kai, ya ce Allah Ya yi albarka, ya wuce. Sau ɗaya wani direba ya ce ya ga mai irin askar a wata tashar itace can Kudu, ya nuna masa bangon, mutumin ya karɓa ya daɗe yana kallo, ya sa a aljihu. Ko shi ne, ko ba shi ba ne, ban sani ba. Na faɗa wa Malam Ya'u yadda aka faɗa min, ban ƙara gishiri ba. Ya ce, "Ya sa a aljihu?" Na ce haka aka ce. Ya ce to.

Daminar bara Malam Ya'u ya rasu, bayan jinyar kwana huɗu. Muka je gaisuwa ni da Kawu. Da muka dawo fitowa na jiran bugu, bangon baya na kan tebur. Kawu ya ce, "Uwata, ya za ki yi da shi?" In na bar dattijon a zaune na zana ƙarya, kuma na ga abin da ƙaryar zane ke yi. In na cire shafin gaba ɗaya, wanda ake kira zai ɗauka an fasa kiran. Na ɗauko farin ruwan gyara. Na shafe dattijon a hankali, hula, fuska, askar, riga, har ƙafafu. Na cike saƙar tabarmar a inda yake zaune. Kwanon ban taɓa shi ba. Matarsa ta aiko babban ɗanta ya ce min har yau tana zuba tuwo a ciki ta ajiye a zaure, sai ya huce a ba yara.

Haka bangon yake fita yanzu: zaure, tabarma ba kowa, kwano ɗaya a rufe. Wanda ya san gidan ba ya bukatar a karanta masa.

To shi ya sa nake ba ku kwano. Ba don in wulaƙanta ku ba ne. Wata rana hannuna zai gaji kamar idon Kawu, kuma wani a cikinku ne zai sake zana shafin nan in asalin ya tsufa. Dole lotsawar ta kasance a gefen da take, dole faifan ya karkace yadda yake karkacewa, don akwai mutum ɗaya a duniya da zai duba ya san ko nasu ne. Ke 'yar aji shida, in kina karanta wannan, takardarki na nan na ajiye. Faifanki ya zauna daidai. Ki dawo ki sake.